Tarkon Rana

Ni mai guga ne a Bagalam.
Gawayi, ruwa a baki, kayan mutane.
Ban taɓa guge abin da ba a sawa ba
sai ranar da Barira ta dawo daga lakkwal
da gwangwanin tumatir cike da guntayen kala,
waɗanda yara suka cinye har suka gagari yatsa.
Madam ta ce a zubar.
Ita ta ce a ba ta.

Ta zauna bakin teburina da tsohuwar reza
tana kankarewa kamar mai fere rogo.
Ja ya zuba kamar garin tattasai,
rawaya, kore, wani shuɗi mai taurin kai
da ya karye sau biyu kafin ya yarda.
Ta yage fallen kaye daga tsakiya,
wurin da lissafi bai kai ba,
ta barbaɗa, ta rufe da wani fallen,
ta ce: Baba, ara mini dutsenka.

Na ce wannan dutse ya san shadda,
ya san wandon kwastan da rigar liman,
me zai yi da shara?
Na shimfiɗa tsumma dai. Na ɗora.
Ban danna ba, na bar nauyinsa ya yi magana.

Wari ya tashi irin na kyandir
a daren da wuta ta tafi.
Da na ɗaga, takardar ta yi shara-shara
kamar wadda aka naɗe ƙosai a ciki,
ja ya shiga gidan rawaya ba sallama
sun haifi ruwan goro,
shuɗin nan kuwa ya malala gefe guda
kamar Gulbi a watan takwas.

Akwai taga ɗaya a ɗakin mahaifina,
tana kallon gabas da bangon maƙwabci.
Nomau, wanda ya yi shekara talatin bakin karofi,
har yau ƙasan farcensa bai manta da baba ba,
amma yana ta rufe masa ido
sai haske da duhu kawai yake rarrabewa.
Nan ta rataye abin da zaren tela da ƙusa.

Da hantsi rana ta faɗa tarko.
Ta zubo kan tabarma, ta hau buta,
ta kwanta a ƙirjin tsohon, faci-faci.
Ya daɗe shiru.
Sai ya ɗaga hannu cikin hasken yana juyawa
kamar mai duba turmin da aka tsamo yanzu,
ya ce: Wa ya yi wannan rini?
Shuɗin bai nuna ba. A sake tsoma shi.
Barira ta yi dariya har ta zauna ƙasa.

Kwana huɗu muka samu.
Bazarar Maradi ba ta san wasan yara ba,
ranar Juma'a ta zo karɓar bashinta.
Kafin mu dawo masallaci kakin ya saki,
ya bi bango yana ɗiga,
zaren na lilo da takarda fara fat a sama,
duk launin ya taru a gindi kamar laka.

Yarinyar ta cika ido da hawaye.
Tsohon ya laluba bangon, ya shinshina yatsa,
ya ce haka rinin farko yake, dole ya zuba,
gobe ki mayar da shi tagar arewa.
Ba mu da tagar arewa.
Ba wanda ya gaya masa.

Bangon ban kankare ba.
Kuma akwai farar rigar wani Alhaji a Ali Ɗan Sofo
mai ɗigon kore ta ciki, daidai haɓar wuya,
don ban goge gindin dutsen da kyau ba ranar.
Sau uku tana dawowa wanki.
Duk na buɗe ta sai na duba ko yana nan.